Yadda na sauke kilo 6 na dalma a Dahab

Shekara biyu na yi ina nutso da kayan haya. Duk hutun da na samu daga aiki a Alƙahira sai in hau motar dare, mu bi ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez, gari ya waye mana a tsakiyar duwatsun Sina'i, kafin hantsi mun sauka Dahab, garin da ke bakin Bahar Maliya. A can sai a miƙo mini rigar nan mai kama da falmaran wadda ake hura wa iska, a ɗaura mini bel mai dalma kilo 10, in faɗa ruwa. Ban taɓa tambayar me ya sa 10 ba. Ranar da na fara koyo haka aka ba ni, na nutse ba gardama, shi ke nan abin ya zame mini ƙa'ida. Abin da na sani kawai, duk na fito ƙuguna na ciwo, iskata kuma tana riga ta kowa ƙarewa. Gejin abokan tafiyata, wato ma'aunin matsin iskar da ta rage a tukunyar da ake goyawa, na nuna bar 90, nawa ya riga ya sauka 50.

Wani abokin nutso ne ya ɗauke ni bidiyo ban sani ba, da dare ya nuna mini. Gani ya kori ji. Ga ni nan a cikin ruwa rabi a tsaye, kamar mai hawa bene, hannuwa na ta fafutuka, takalman ninƙayata na tayar da yashi yana sauka a kan murjanin da ya ɗauki shekaru yana girma. Wannan ne ya fi sosa mini rai. Murjani abu ne mai rai, yashin da ya lulluɓe shi yana cutar da shi, ni kuma da nake cewa ina son wurin nan ni ne nake yi masa ɓarna. Daren nan na yanke shawarar sayen kayan kaina, kuma na zaɓi irin wanda malaminmu yake goyawa, faranti da fiffike.

Duk wanda ya saba da falmaran, in ya ga wannan kayan zai ce ba a gama haɗa shi ba. Faranti ne na ƙarfe da ke kwanciya a gadon baya, sai wata salkar iska mai siffar zobe da ake matsewa tsakanin farantin da tukunyar iska, ita ce masu nutso ke kira fiffike, sai doguwar ɗamara guda ɗaya ta nailan mai faɗin inci 2. Babu soso, babu manyan aljihu, babu tarkacen roba. Masu nutso a kogwannin ƙarƙashin ƙasa da ke cike da ruwa a jihar Fulorida ta Amurka ne suka fito da tsarin. Ana danganta farantin farko da Greg Flanagan a 1979, salon ɗaura shi da ɗamara guda kuma da William Hogarth Main. Mutanen da ke shiga inda babu sama a buɗe ba sa son ɗaukar abin da zai karye ko ya maƙale, shi ya sa suka zubar da duk abin da ba dole ba.

Malamin namu Bamisire ne, ya kai shekara 50, kowa kuma Kyaftin yake ce masa kamar yadda ake kiran malaman nutso a Masar. Shi na tuntuɓa kafin in saya. Faranti iri biyu aka fi samu. Na alminiyam bai cika kilo 1 ba, na ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa ya haura kilo 2 da rabi. Masu yawan hawa jirgi sun fi son na alminiyam saboda awon kaya. Ni da mota nake zuwa, kuma tukwanen Dahab kusan duk na alminiyam ne, masu son tasowa, don haka ya ce in ɗauki na ƙarfe. A kan fiffike ne muka ɗan ja. Na so babba, a tunanina in ya fi girma ya fi tsaro. Ya girgiza kai.

"Ya akhi, tukunya ɗaya za ka goya. Wanda zai ɗaga kilo 14 ya ishe ka. Babban na masu tukunya biyu ne. In ka sa shi a kan guda ɗaya sai ya naɗe ta, iska ta maƙale a gefe, ka neme ta ka fitar ka rasa."

Na bi maganarsa.

Ranar da kayan suka iso, bayan la'asar muka zauna a ƙarƙashin rumfar shagon, iska na kaɗowa daga teku, duwatsun Saudiyya na can tsallake sun fara yin ja. Ɗamarar ta kusa mita 4. Ana fara zura ta ne daga ramukan sama na farantin, a daidaita tsakiyarta, kowane ɓangare ya sauko ta kafaɗa, ya shiga ramukan ƙasa, ya fito ya zama ɗaurin ƙugu. Kafin ta shiga ramin ƙasa sai an sa mata zoben ƙarfe mai siffar harafin D da ɗan makarinsa, ɗaya a kowace kafaɗa, a hagu kuma a ƙara ɗan zoben roba da zai riƙe tiyon hura fiffike. Na manta da wannan robar, sai da na gama zura komai na tuna, dole na warware ɓangaren hagu gaba ɗaya na sake. Sabuwar ɗamara tana da taurin tsiya, kan in gama yatsuna sun yi ja. Akwai zobe na uku a kwankwason hagu, inda ake maƙala gejin iska. Sai ta ƙarshe, wata ɗamara mai laushi da ke tasowa daga gindin farantin ta bi ta tsakanin cinyoyi, ɗaurin ƙugu ya shiga cikin madaukinta. Ni dai bante nake ce mata, don aikin bante take yi. Ita ke hana kayan hawowa wuya in an hura fiffike.

Na goya shi a kan 'yar shara na fara gyara, ina jin daɗi. Kyaftin ya bar ni sai da na gama, sannan ya ce in je in sa rigar roba. Rigar tawa kaurinta milimita 5, ina sa ta duk awon da na yi ya tashi a banza. Muka faro daga farko. Ya sa na miƙa hannu ta bayan wuya, ya ce kan yatsuna su taɓa saman farantin ba tare da na yi miƙa ba. Na farko ya yi ƙasa da yawa, muka rage ɗaurin kafaɗa. Sai kuma ya matse har numfashi na yi mini wuya, muka ɗan saki, har sai da yatsu uku suka shiga tsakanin ɗamarar da ƙirjina, kuma ina iya zare hannu in fita ni kaɗai. Don wurin zaman zoben kafaɗa, ya ce in buɗe hannuwa kamar mai shirin runguma, in rufe ido, in lanƙwaso su zuwa ƙirji. Inda babban yatsa ya sauka nan zobe zai zauna, domin a cikin ruwa hannu ne zai neme shi, ido ba ya kaiwa wurin. Kan bel ɗin kuma ya tura shi gefen dama kaɗan don kada bante ya danne shi.

Ragowar ɗamara ta yi reto har gwiwa. Na ɗauko almakashi, ya riƙe mini hannu.

"Kada ka yanke yau. Abin da ka yanke ba ya dawowa. Naɗe shi ka soke, sai ka shiga ruwa sau biyar ko shida tukuna."

Da na yanke a ranar da na yi asara, domin sau biyu na sake sakin kafaɗun bayan haka. Sai a rana ta ƙarshe na yanke, na bar taƙi ɗaya don rigar sanyi mai kauri, na ƙona bakin da ashana don kada ya zare.

Fiffiken da maɗaurin tukunya suna hawa kan farantin da noti biyu, tsakaninsu inci 11, awon da kusan duk masu ƙera kayan suke bi. Maɗauran tukunya biyu ne, sama da ƙasa. Tsayin tukunyar ma da ƙa'idarsa. Dole hannu ya iya kaiwa ga bawul ta baya, amma in ka ɗaga kai ƙeyarka kada ta bugi regileta, wato na'urar da ke kawo iska daga tukunya zuwa baki.

Washegari da safe muka nufi wurin da ake kira Lighthouse, inda ake shiga ruwa da ƙafa daga gaɓa, yashi ya gangara sannu a hankali. Na haɗa kayana da kaina, na ɗaure tukunya tamau, na goya, na taka zuwa ruwa. Ruwa ya kai mini ƙirji ke nan na sunkuya sa takalma, sai na ji tukunyar ta sulale ƙasa, tiyo ya fizgi bakina. Gabana ya faɗi. Kyaftin na bayana, ya tallabe ta muka koma gaɓa. Laifina ne, kuma ya gaya mini tun jiya ban riƙe ba. Nailan in ya jiƙe yana saki. A bushe na ɗaure maɗauran, suna shan ruwa suka yi sako-sako. Tun daga ranar, kafin in ɗaure tukunya sai na tsoma maɗauran a ruwa, in na ɗaure kuma sai na ɗaga kayan ta kafaɗa na girgiza. Allah ya taimake ni a ruwan ƙirji abin ya faru.

Sai maganar dalma, wadda ita ce ta kawo ni. Lissafina mai sauƙi ne, da ina ɗaukar 10, faranti ya ɗauke mini 2 da wani abu, saura 8. Kyaftin bai musa ba. Ya ce in zuba su ƙananan guda-guda, masu kilo ɗai-ɗai, a aljihun da hannu zai iya kaiwa, ya ce amsar tana ƙarshen nutso.

Sai daga baya na fahimci dalilin, kuma shi ne abin da na fi so duk mai nutso ya gane. Iska tana da nauyi. Tukunyar da ake ce wa lita 12 a Masar, ainihin cikinta lita 11 ne da ɗan ɗoriya. In aka cika ta zuwa bar 200, an dunƙule iska wajen lita 2,200 a ciki, kowace lita kuma ta kai gram 1.2, wato sama da kilo 2 da rabi ke nan. Kana shaƙa kana fesarwa nauyin nan na tafiya. Kan geji ya sauko bar 50 ka rage kusan kilo 2, tukunyar da ta shiga ruwa tana janka ƙasa yanzu ta koma tana ɗaga ka. A daidai wannan lokacin ne kuma ake so ka tsaya cak a zurfin mita 5 na minti 3, jiki ya rage naitirojin ɗin da ya sha. A wannan zurfin rigar roba ta dawo da kumburinta, ita ma tana ɗagawa. Don haka dalmar da mutum ke buƙata ita ce mafi ƙarancin da za ta riƙe shi a mita 5 da tukunyar da ta kusa ƙarewa, fiffike kuma babu iska ko kaɗan. Duk abin da ya haura wannan kaya ne kawai.

Kuma kaya ne mai tsada. Kowane kilo na banza sai ka hura masa kusan lita guda ta iska a fiffike don ka daidaita. Ita kuwa iska ba ta zama yadda take. A mita 10 matsin ruwa ya ninka na sama sau biyu, a mita 30 sau huɗu. Ka ɗan sauka ta tsuke ka ƙara nutsewa, ka ɗan hau ta kumbura ta fizge ka sama. Mai irin wannan iska ta banza a bayansa kullum hannunsa na kan maɓallin hurawa da na sacewa. Ashe abin da na shekara biyu ina fama da shi ke nan, ina zaton rashin ƙwarewa ne.

Muka yi nutsonmu na wajen minti 45. Da kilo 8 na faɗi ƙasa kamar dutse, na yi ta hura fiffike. Da gejina ya kai 50 muka koma kan yashi a mita 5. Ya yi mini alama in sace iskar fiffike duka. Na ja igiyar bawul ɗin da ke bayan kwankwason hagu, na karkata, na ɗaga tiyo, har ƙwayar kumfa ta ƙarshe ta fita. Na kwanta a yashi ruf da ciki, nauyi ya danne ni. Ya zare kilo ɗaya ya ajiye gefe. Ina nan. Ya zare na biyu, na uku. A kilo 5 na ji ƙirjina ya fara rabuwa da yashi in na ja numfashi. Ya zare na huɗu. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Na shaƙa, bayan daƙiƙa biyu jikina ya tashi kamar taƙi ɗaya. Na fesar, ya dawo a hankali. Ban motsa hannu ba, ban motsa ƙafa ba. Huhuna ne kaɗai ke ɗaga ni yana sauke ni. Wani ɗan kifi mai ratsin baƙi da fari ya zo ya tsaya gaban gilashina, ina kallon yadda bakinsa ke buɗewa yana rufewa, bai gudu ba, don babu abin da ke motsi a jikina da zai firgita shi.

Kyaftin ya zare na biyar don mu ga iyaka. Da kilo 3, ko na fesar da numfashi duka sai in ga yashi na nisa da ni. Ya kamo zoben kafaɗata ya mayar mini da kilon. Ya ɗaga yatsu huɗu. Daga 10 zuwa 4, kuma a Bahar Maliya, wadda gishirinta ya kai wajen gram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Babu wani babban kogi da ke zuba mata ruwan daɗi, ga rana na ƙafar da ita, shi ya sa ta fi ɗaga mutum. Faranti ya ɗauke kilo 2 da rabi, sosan falmaran da na rabu da shi ya ɗauke wajen 1, sauran kuwa tun asali ba na buƙatarsu.

Nutso na biyu sai ga wata sabuwa, na kasa nutsewa. Na sace fiffike tas, ina nan a saman ruwa ina reto. Zuciyata ta fara raya mini cewa an rage da yawa. Kyaftin ya cire regileta daga bakinsa ya ce, "Dubi ƙafafunka." Ashe ina ta harba su ban sani ba, kowane harbi na tura ni sama. Ƙirjina kuma cike da iska saboda ɗoki. Ya sa na harɗe ƙafafu, na ja wuyan rigar ruwa ya shiga ya kori iskar da ta ɓuya a ciki, na fesar da numfashi har ƙarshe na ɗan jira. Ruwa ya rufe gilashina, na sauka a hankali, ina wuce mita 3 rigar ta fara matsewa sauran ya zo da sauƙi. A nan na gane yadda aka yi na samu kilo 10. Sabon ɗalibi yana tsoro, yana harbi, yana riƙe numfashi, malami kuma na da mutum shida da ke jira, sai ya ƙara masa dalma a wuce wurin. Ban ga laifin mai yin haka a ranar farko ba. Abin da ke damuna shi ne babu wanda ke dawowa daga baya ya ce a zo a rage.

Sanin yawan dalma rabin aiki ne, saura inda za ta zauna. Jikin mutum a ruwa kamar sikeli yake, huhu na ɗaga gaba, dalmar ƙugu na jan baya. Farantin ƙarfe ya riga ya gyara da yawa tunda a kan huhu yake kwance. Gwajin shi ne ka kwanta a miƙe, ka lanƙwashe gwiwa, ka daina motsi gaba ɗaya, ka ga ina jiki zai karkata. Da duka huɗun a ƙugu, kafin in ƙirga goma ƙafafuna sun fara sauka. Muka ɗauke biyu muka sa a ƙananan aljihu a maɗaurin tukunya na sama. A farkon nutso ya yi daidai har na yi murna, amma can wajen ƙarshe sai kaina ya riƙa rinjaya ƙasa, domin tukunyar alminiyam in ta yi sauƙi gindinta ne ke fara tashi. Muka sauko da aljihun zuwa maɗaurin ƙasa, muka ɗaga tukunyar da faɗin yatsa biyu. Wannan ɗan gyaran ya ci mana nutso uku, kwana ɗaya da rabi. Akwai lokacin da na ƙosa na ce, "Kyaftin, ai haka ma ya yi." Ya ce a gyara abu ɗaya a kowane shiga, in an taɓa biyu ba za a san wanne ya yi aiki ba.

A saman ruwa ma sai da na sake koyo. Iskar fiffike duk a baya take, in ka cika shi tim sai ya nemi kifa ka. Maganin shi ne a hura daidai yadda haɓa za ta fita daga ruwa, a jingina baya kamar mai zama a kujerar malam-buɗe-littafi, bante kuma ya kasance a ɗaure sosai.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda na fi jin tsoro. Idan fiffike ya fashe a zurfi fa? A farkon nutso tukunya na cike, rigar roba kuma a mita 25 ta matse ta rasa yawancin ɗagawarta, don haka a nan mutum ya fi kowane lokaci nauyi. Dole ya zama zai iya tasowa da ƙarfin ƙafarsa, ko kuma yana da dalmar da zai iya yarwa. Muka sauka mita 25 a inda akwai yashi a ƙarƙashinmu, Kyaftin na gabana hannunsa kusa da zobena. Na sace iskar duka. Nauyin ya ja ni, na fara harbi. Da wuya, cinyoyina sun ji a jikinsu, amma na tashi, mita 24, 23, 22, kuma ina hawa abin na raguwa. A mita 20 ya tsayar da ni na mayar da iska. Da kilo 10 ne a jikina da ban iya ba. Kilo 2 na ƙugu muka bar su a aljihun da ake zarewa da hannu ɗaya, su ne na yarwa in ta ɓaci. Wannan gwajin kada wanda ya yi shi shi kaɗai, ko a inda babu ƙasa kusa.

A nutson ƙarshe kafin in koma Alƙahira mun yi minti 58, na fito da bar 70, ƙuguna kuma lafiya lau. Abokin nan ya sake ɗaukata bidiyo. A kwance nake, gwiwa a lanƙwashe, yashin da na wuce ta kansa ko ƙura bai tayar ba.

Da dare na buɗe littafin da nake rubuta nutsona na sa komai: Dahab, watan Maris, ruwa digiri 22, riga milimita 5, farantin ƙarfe, tukunyar alminiyam, dalma kilo 4, biyu a ƙugu, biyu a maɗaurin ƙasa. Kyaftin ya karɓa ya duba, ya sa hannu, ya ce in bar fili a ƙasan shafin. In na dawo a watan Agusta ruwa ya yi ɗumi, rigar milimita 3 zan sa, kuma sai mun sake komawa kan yashin nan na mita 5 da geji a bar 50.